Mai Baƙaƙe Ya Ce Ya Ƙoshi

Kwanan baya wani saurayi cikin masu zuwa rumfarmu ta Kwamba ya tsaya a kaina ina goge allo, ya ce, "Malam Habibu, wannan aikin naka fa waya ta riga ta gama shi. Ka zuba mata wasan, ta gaya maka inda kowa ya yi kuskure, shi ke nan." Na ce masa to, Allah ya saka wa wayar. Ban ja da shi ba, don na lura yawancinku haka kuka ɗauka, wai sharhin wasan ces ba komai ba ne illa mutum ya tsaya gaban allo yana tura 'ya'ya yana surutu. To ku gyara zama in ba ku labarin Asabar ɗin da allon nan ya kusa sauka daga bangon nan gaba ɗaya, a kan wata hasumiya da wani mutum ya ƙi ci tun ba a haifi mahaifina ba.

Sana'ata kashi biyu ce. Ranakun aiki ina ɗaure ƙananan alluna a bayan mashin in zaga makarantun kuɗi, daga nan cikin Suleja har Diko, ina koya wa yara yadda ake tafiyar da sarki da sarauniya da doki. Ran Asabar da hantsi kuwa ina nan rumfa, in ɗauko tsohon wasa na manyan gwanayen duniya, in warware shi a gaban jama'a taku bayan taku. Na farkon shi ke ciyar da ni. Na biyun shi ne aikin da na koya, kuma shi ya fi wuya.

Allon nan da kuke gani ba sayensa aka yi ba. Fallen ƙarfe ne aka yanko wajen masu walda, 'ya'yan kuma falanki ne aka zana aka yanke, aka manna wa kowane guntun maganaɗisu na lasifikar matattun rediyo a bayansa. In zafi ya yi zafi gam ɗin yakan saki. Na sha kasancewa a tsakiyar bayani, na kawo mutane daidai inda numfashinsu ya tsaya, sai sarauniya ta sulmiyo ta faɗi a ƙasa kowa ya fashe da dariya. Saboda haka duk Juma'a da yamma nake bin su ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, wanda ya yi motsi in sake masa gam. Sandar da nake nuni da ita eriyar rediyo ce, ita ma daga can aka cire ta.

Wanda ya ƙera allon shi ne maigidana, Baba Bulus, tsohon malamin lissafi ne mutumin Filato da ya yi ritaya ya kama haya a nan Kwamba. Ni a lokacin rubutun allon talla nake yi a unguwar Hashimi, aka haɗa ni da shi in zana masa ɗakunan allon, fari da baƙi. Na zana tsaf, na huda masa wurin ƙusa, na kai masa ina jiran yabo. Ya duba ya duba, ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, sai dai ɗakin kusurwar hannun dama fari ake so, kai ka sa baƙi." Na ce to bari in kankare in sake. Ya yi dariya ya juya allon ta gefe, kusurwar ta koma fara, ya ce sai dai in sake huda. Ramukan farko har yau suna nan a gefe. Daga ranar ban daina zuwa wajensa ba.

Na daɗe a hannunsa ba ya bari in buɗe baki. Shi ke magana, ni ke tura 'ya'ya. Salonsa kuwa ɗaya ne: ba ya nuna wa mutane takun da ke tafe. Sai ya kawo wasa wani wuri ya tsaya, ya rufe littafin a hammatarsa, ya ce, "To, kai ne a kujerar nan, me za ka yi?" Kowa ya faɗi nasa, a gwada, a ga inda zai kai. Sai an gaji sannan ya nuna abin da gwanin ya yi. Ranar da ya fara ba ni sanda na zuba wasa guda daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba, ina jin kaina. Da mutane suka watse ya ce, "Karatu ka yi mana, Habibu, ba sharhi ba. Ka nuna abin da aka yi, ba ka nuna abin da aka fasa yi ba. Ai rabin wasan yana can." Ya kuma hana ni raina wanda ya sha kashi. Ya ce shi ma gwani ne, in ba don ya yi tsayin daka ba da ba wanda zai tuna da wasan.

Masu ba ni aiki iri-iri ne. Akwai mai makarantar da ke son a ɗauko masa kofi cikin zango ɗaya don ya sa a allon tallarsa. Akwai uwar da za ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai da gaske abin nan yana buɗe ƙwaƙwalwa?" In ce mata yana koya wa yaro zama wuri ɗaya dai, sauran sai Allah. Har sunayen 'ya'yan ma sai na yi dabara. Wanda ke gefen sarki mai doguwar hula, in na je makarantar Islamiyya liman ne, in na je ta mishan fasto ne, yara kuma ba ruwansu, su dai a ba su su ci na abokinsu. Na kusurwa mai kama da ginin soro shi muke ce wa hasumiya, kuma in ka cire sarauniya babu ɗan da ya kai shi daraja.

Shekarar da annoba ta sa aka kulle makarantu ita ce muguwar shekarata. Baba Bulus ya riga ya koma gida Filato kafin nan, ya bar mini allon. Da aka buɗe makarantu kowa na ta kansa, kuma in za a rage kashe kuɗi da mai koyar da wasa ake farawa. Ɗaya bayan ɗaya suka ce in dakata sai sun neme ni. Abin da ya rage mini shi ne rumfar nan, don daga nan ne wani uba kan gan ni ya ce in zo gida in koya wa 'ya'yansa. In babu allo a bango, babu wanda zai san ina nan.

Rumfar kuwa ta Alhaji Tanimu ce mai shagon kayan sanyi. A wannan zaman gidan ne 'yan diraf suka cika ta. Su ba su iya wasa shiru ba, a buga ɗa a allo kamar za a fasa, a yi ihu, a yi gori, sannan a sayi lemo. Mutanena kuwa ba su kai yatsun hannu ba, su zauna tsit da ledar ruwa guda har azahar. Ko ni ne Alhaji na san wanda zan zaɓa. Ya kira ni gefe ya ce, "Malam Habibu, ina jin nauyinka saboda Baba Bulus. Amma mutanen nan suna son Asabar ɗin gaba ɗaya, suna son bangon ma a kafa musu talabijin. Ka je ku daidaita da Oga Danjuma, abin da ya ce shi zan yi."

Oga Danjuma shi ne sarkinsu. Ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, mutumin Nasarawa, kullum da asuba yana cikin motar haya, amma Asabar tasa ce. Ban taɓa ganin mai lissafin diraf irinsa ba. Ga waɗanda ba su san diraf ba a cikinku, dokarsa ita ce ci dole ne. In an ajiye maka ɗa a baki ba ka da zaɓi, sai ka ci, ko da ka ga ramin da ke bayansa. Da wannan dokar Oga Danjuma ke yanka mutane. Ya miƙa maka ɗaya, ka ci don dole, ya share maka uku yana waƙa. Ya san tafiyar 'ya'yan ces tun yana sakandare, sai dai ya ce wasan marasa jini a jika ne.

Da na same shi ya saurare ni da mutunci. Ya ce, "Malam, ni ba na son in raba mutum da abincinsa. Amma gaskiya abin naku barci yake sa mutane. Ran Asabar ka kawo wasan da ka fi ji da shi, mu duka za mu zauna. In akwai abin gani, allonka ya zauna. In babu, ka sauke shi da hannunka, ba faɗa. Sharaɗi ɗaya, ba waya. Ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa."

Ban yi dogon tunani ba wajen zaɓe. Akwai wani wasa da wasu gwanaye biyu suka buga a wata ƙasa mai sanyi tun zamanin hoto baƙi da fari. Mai farare mutum ne mai zafin kai hari, mai baƙaƙe kuma dattijo ne mai haƙuri, irin wanda ba ya ɗaga murya. Ina son wasan nan ƙwarai. Tun daga buɗewa mai farare ke tura rundunarsa gaba, kowane ɗa ya sa shi inda zai yi amfani, ba taku ɗaya na banza. Doki ya haye har kusa da gidan sarkin baƙaƙe ya kafa ƙafa, liman ya miƙe a doguwar hanya yana leƙen kusurwa, sarauniya ta zagayo ta tsaya a bayansu. Mai baƙaƙe kuwa sai toshe ƙofofi yake yi, nan ya ja soja, can ya dawo da doki, kamar mai gyaran ɗaki kafin ruwa ya sauko. Duk wanda ya kalla zai ce an gama da shi.

Ran Asabar rumfa ta cika har bakin kwata, masu keke ma sun faka suna leƙe. Na bi salon maigidana, ina tsayawa ina tambaya. Da farko suna ta zolaya, amma da harin ya fara kankama sai na ji gorin ya ragu. 'Yan diraf sun san hari in sun gan shi. Na kawo su daidai wurin, na ɗaga hasumiyar farare na manna ta can cikin gidan baƙaƙe, a gaban sarauniyarsu, ba mai tsaronta ko ɗaya. Na ce, "To, ku ne masu baƙaƙe. Me za ku yi?"

Rumfa ta ɗauka baki ɗaya, "A ci! A ci mana!" Wani Ibo mai sayar da kayan mashin ya miƙe yana cewa, "Chop am, Malam, chop am!"

Na ce, "Bai ci ba." Na matsar da sarkin baƙaƙe ɗaki ɗaya zuwa kusurwa, na koma gefe.

Sai wuri ya rikice. Wani ya ce littafin ne aka buga da kuskure. Wani ya ce an dai sayi dattijon. Oga Danjuma ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Malam, tsaya. A gidanmu in an ajiye maka abinci ka ƙi ci, ko dai kana gaba da mai gidan ko ba ka da lafiya. Babban ɗa kamar wannan, a ajiye maka a baki, ka kau da kai? Mayar da sarkin. Ni zan riƙe baƙaƙe, zan ci, kai kuma ka riƙe farare ka nuna mini abin da zai same ni."

Ban ji tsoro ba, don na ɗauka na san amsar. Littafin bai ce komai a wurin ba sai alamar yabo da ya ɗiga wa takun dattijon, amma na sha nuna wa ɗalibai: in sarauniya ta ci hasumiya ta bar gadin sarkinta, doki ya ba da cek, wato ya kai wa sarki hari, sarki ya shige kusurwa, sarauniyar farare ta zo ta rufe shi. Oga Danjuma ya tashi ya cire hasumiyar daga allo da ƙarfi irin nasu, ya sa ta a aljihun rigarsa. Na ba da cek da doki. Ya tsaya ya duba, sai ya ƙi shiga kusurwar. Ya fito da sarkinsa ta ɗaya gefen, wajen tsakiyar allo, inda duk ɗaliban da na taɓa koyarwa ke tsoron bi.

Na sake ba da cek, ya matsa. Na ƙara, ya sake matsawa, sarkin nan yana tafe a fili kamar mai zuwa kasuwa, har ya shige bayan sojojinsa ya zauna lafiya. Na duba allo, cek ya ƙare mini, hasumiyata tana aljihun mutum. Na nemi a mayar baya in sake, ya yarda. Na gwada ta wajen sarauniya, ya tare. Na gwada da liman, ya tare. A nan na gane maganar Baba Bulus da kyau, ashe abin da aka fasa yi ma yana da nasa rassan, ni kuma reshe ɗaya na bi shekara da shekaru. Wani yaro ya zaro waya, na ce ya mayar, alkawari alkawari ne.

Na ajiye sanda na ce, "Oga, na rasa. Na san akwai, amma ban gan shi ba."

'Yan diraf suka ɗau tafi. Ibon nan ya riga ya fara auna bango da tafin hannu yana faɗin inda talabijin za ta zauna. Alhaji Tanimu ya fito daga shago ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ni. Na kai hannu zan fara cire 'ya'yan in zuba a jaka, zuciyata ta yi nauyi ƙwarai, don ban san inda zan kai allon ba, ɗakina ko wurin jingine shi babu.

"Bar su tukuna," in ji Oga Danjuma.

Bai yi tafi tare da mutanensa ba. Yana tsaye ya harɗe hannu yana kallon allon. Ya ce, "Wannan mai fararen, ka ce gwani ne?"

Na ce, "A zamaninsa ba a yi kamarsa ba."

Ya ce, "To ba zai ba da babba a banza ba. Ni ɗan diraf ne, in na miƙa maka ɗaya na riga na ga uku. Mutumin nan ɗan'uwana ne, na ji ƙamshin hannunsa. Mayar mini da wasan daidai inda na ci."

Wani cikin yaransa ya ce, "Haba Oga, ai mun riga mun ci, me kuma za a duba?"

Ya ce, "Rufe mini baki, Sande."

Na mayar. Ya zagayo ya tsaya a inda nake tsayawa, ya zama shi ne mai farare. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar keke a titi. Leɓɓansa suna motsi, yatsansa yana bin ɗakuna a iska bai taɓa komai ba. Ya daɗe a haka, har lemon da ke hannun mutane ya huce. Can sai ya ce, "Malam, matsalarka gaggawa. Kana ta cek, cek, kana kora shi inda yake son zuwa. Mu ba ma korar mutum, ƙofa muke rufewa tukuna." Ya kai hannu can tsakiyar allo, wajen wani ƙaramin soja da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, ya tura shi gaba ɗaki ɗaya.

Na matso na duba. Sojan nan ya tsare ɗakin da sarki ya bi ya tsere ɗazu, kuma a lokaci guda ya ɗora wa sarauniyar baƙaƙe wuƙa a wuya. In ta ci shi, doki ya cinye ta. In ta kauce, cek ɗin nan nawa ya zo, sarki ya waiga ba ƙofa. Muka bi kowace hanya ni da shi a gaban jama'a, ni ina kare baƙaƙe iya ƙarfina, duk inda na bi sai in tarar an riga ni. Mai farare ya ga wannan duka kafin ya miƙa hasumiyar. Dattijon kuma ya gan shi daga ɗaya gefen teburin, agogo na tafiya, ba mai ba shi shawara, ya janye hannunsa.

Oga Danjuma ya koma ya zauna a benci yana girgiza kai. Ya ce, "Wa ya ci wasan a ƙarshe?"

Na ce, "Dattijon. Da harin ya huce, hasumiyar nan ta rasa hanyar komawa gida, ya bi su a hankali har ya gama da su."

Ya ce, "Tun ina saurayi nake ba mutane guba suna ci, don doka ta ce su ci. Ban taɓa zama da wanda zan miƙa wa ya dube ni ya ce ya ƙoshi ba." Ya juya wajen Alhaji Tanimu ya ce, "Alhaji, a nema wa talabijin wani bangon."

Sande ya fara gunaguni, wasu suka tashi suka koma kan allunansu na diraf, ba kowa ne ya ji daɗi ba. Oga Danjuma kuwa ya laluba aljihu ya ciro hasumiyar, ya hure mata ƙura, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Mayar da ita inda take, Malam. Ka sa sarkin a kusurwa yadda dattijon ya yi, mu ci gaba daga nan. A hankali fa, kada ka tsallake mini ko ɗaya."